Shirin zuwa kamun kifi a tekun arewacin Norwe: waɗanda suka taɓa zuwa su ba mu shawara

Ɗan Yawuri, mazaunin Leeds

Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina uku muna shirin tafiya arewacin Norwe domin kamun kifi a teku, amma har yanzu bakinmu bai zo ɗaya ba a kan lokacin tafiya. Biyu daga cikinmu sun nace sai watan Maris, saboda sun ji cewa a lokacin ne manyan kifayen kod suke cika ruwan tsibiran Lofoten, ni kuwa zuciyata ta fi kwanciya da Yuni. A bakin kogi na tashi, na san fatsa, na san kwalekwale, sai dai ban taɓa shiga teku ba. Ina roƙon waɗanda suka je su gaya mana abin da idonsu ya gani game da lokaci, da jirgi, da sutura, da doka, da kuma yadda suka yi da salla.

Ma'aikacin jinya, mazaunin Bodo a arewacin Norwe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka ba su ji ƙarya ba. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod da mutanen nan suke kira skrei yakan baro tekun Barents ya gangaro gaɓar Lofoten domin zuba ƙwai, kuma a wannan lokaci ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗago mai kilo 15 ko 20. A Maris ɗin ne ma ake yin gasar kamun kod ta duniya a garin Svolvaer. Idan ka zaga ƙauyukan bakin ruwa za ka tarar da manyan rumfunan katako an rataye kifi bibbiyu, an ɗaure su ta wutsiya, iska tana busar da su ba tare da gishiri ba, ƙarninsu ya cika gari. Busasshen kifin nan mai tauri da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, musamman kawunansa, mai yawa daga cikinsa daga waɗannan rumfuna ya fito.

To amma ina so ka saurare ni da kyau a kan maganar ruwan. Tekun nan ba ya daskarewa saboda ɗumin igiyar ruwan da ke tasowa daga kudu ta tekun Atlantika, kuma wannan ne yake yaudarar baƙo, domin a Maris sanyin ruwan bai fi digiri 4 zuwa 6 ba. Wanda ya faɗa cikinsa, abu na farko da ke samunsa shi ne numfashi ya ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba, sannan cikin kamar minti goma yatsunsa su daina kama komai, ko da igiya aka jefa masa. Iya iyo a Yawuri ba ya hana wannan. Ranar da na fita a ƙarshen Maris na cire safar hannu domin in sake ɗaura ƙugiya, kafin in gama ƙulli yatsuna sun sandare, sai matuƙin jirgin ne ya karɓa ya ƙarasa mini. Shawarata ita ce, duk watan da kuka zaɓa, fitarku ta farko ta kasance tare da matuƙi ɗan gari wanda ya san duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Kuma kada wani ya ja ku zuwa Saltstraumen, kusa da mu nan, a jirgin haya ku kaɗai; kifi yana da yawa a wurin, amma mashigar ruwan tana cikin mafi ƙarfi a duniya.

Injiniya, mazaunin Hamburg

Malam, ni a Yuni muka je, muka kama ɗaki a irin jajayen gidajen masunta da ake kira rorbu, tare da jirgin haya ƙarami mai injin waje. Zan taƙaita a kan doka, domin a nan ne na ga baƙi suna shiga uku. Kamun kifi a teku ba ya buƙatar lasisi, amma baƙo da sanda ko igiyar hannu kawai aka yarda ya yi su. Ba taru, ba mali, kuma haramun ne ya sayar da abin da ya kama. Dole a nisanci gonakin kifi da aƙalla mita 100. Nau'o'in kifi da yawa suna da ƙaramin tsawon da ba a ɗaukar abin da bai kai shi ba, kuma faffaɗan kifin nan halibut idan ya wuce mita 2 sai a mayar da shi ruwa. Wanda aka haifa a 1980 ko bayanta yana buƙatar takardar tuƙi idan jirgin ya wuce mita 8 ko injinsa ya fi ƙarfin doki 25, kuma yawancin jiragen da ake bayarwa haya sun wuce wannan ƙarfi, don haka ku tambayi mai masauki tun kafin ku biya kuɗi. Sa rigar kariya daga nutsewa wajibi ne a ƙananan jirage yayin da suke tafiya.

Fitar da kifi daga ƙasar yana da iyaka, kuma sai wanda ya sauka a masaukin da ke da rajista da hukumar kamun kifi ake bari ya fita da shi, da takardar shaida a hannu. Lokacin da muka je kilo 18 ne ga kowane mutum, amma adadin yana sauyawa, ku duba na yanzu. Jami'an kwastan suna aunawa, tarar kuma ba ƙarama ba ce. Mu mun riƙa feɗe kifin da yamma, mu ƙulle a leda, mu sa a firizar masauki, ranar dawowa muka jera a akwatin ƙanƙara.

Game da kayan aiki, kada ku ɗauko sandunan da kuke zuwa tafki da su. Ana jefa ƙarfe mai ƙugiya, mai nauyin giram 300 zuwa 500, cikin zurfin da kan kai mita 50 ko fiye, a yi ta ɗagawa ana saki, kuma kafaɗa tana ji a jikinta. Yawancin masaukai suna ba da sanduna haya, wanda ya fi muku sauƙi a kan biyan kuɗin kaya a jirgin sama.

Maman 'yan biyu, mazauniyar Aberdeen

Ni dai, Yaya, ba zan ce ku watsar da Maris ba. Na bi maigidana a wannan watan, muka shiga babban jirgin masunta mai ɗaki da abin ɗumama jiki a ciki, kuma duk wanda ke jirgin ya kama kifi. Abin da ya kamata ku sani shi ne iska ce ke yanke hukunci. A cikin makon da muka yi, kwanakin da aka hana fita sun kusa kai waɗanda aka fita, kuma matuƙin bai taɓa tsayawa jayayya da kowa ba, yakan duba manhajar hasashen yanayi ta Yr ya ce yau babu. Wanda ya ware kwana uku kacal yana iya dawowa bai jiƙa ƙugiya ba. Idan Maris kuka zaɓa, ku ware mako guda cur.

Sutura kuwa, ku sa ta ulu a jikin fata, kada ku sa auduga, domin idan ta jiƙe da gumi ita ce za ta riƙe muku sanyi. A sama a ɗora rigar nan mai haɗe da wando wadda ke tare iska kuma take ɗaga mutum idan ya faɗa ruwa. Masu jirgi suna bayarwa. Ku riƙe safar hannu fiye da ɗaya. Maganin jiri a sha shi tun kafin a bar gaɓa, domin na ga ƙato majiyi ƙarfi ya kwanta a kan benci tun daga fita har dawowa, fuskarsa ta yi fari fat, bai ko taɓa sandarsa ba.

Sai maganar biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, saboda haka mai fasfo ɗin Najeriya, ko da yana da izinin zama a Birtaniya, sai ya nemi biza daban, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ku fara nema da wuri.

Ɗalibi, mazaunin Tromso a arewacin Norwe

Zan amsa tambayar salla, tunda ba a taɓo ta ba. A Lofoten daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan, don haka idan Yuni kuka zo babu magariba, babu isha, babu alfijir da ido zai gani. Mu a nan, a irin wannan lokaci, da yawa muna bin jadawalin Makka, wasu kuma suna bin gari mafi kusa da rana ke faɗuwa a cikinsa. Ku tambayi malaminku ku tsayar da guda tun kuna gida. A Maris dare da rana sun kusa daidaita, salla ba ta da wahala, sai dai a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, ku duba kalanda. Hasken Yuni yana da wani amfani ga mai kamun kifi: idan iska ta hana fita da rana, sau da yawa takan lafa da dare, mu mun sha fita ƙarfe goma sha ɗaya rana tana saman dutse. Ku adana lambar 120 a wayoyinku, ita ce ta rediyon gaɓar teku, a rediyon jirgi kuma tasha ta 16, sannan ku gaya wa mai masauki inda kuka nufa da lokacin dawowa.

Ɗan Yawuri, mazaunin Leeds

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa abokaina duk abin da kuka rubuta, kuma maganar yatsu da ta iska ce ta sauko da su. Mun tsayar da Yuni a wannan karon, mako guda, kwana biyun farko tare da matuƙi ɗan gari, sauran kuma za mu ga abin da shi ya ce game da fitarmu mu kaɗai a cikin ruwan da duwatsu suka kare. Babu mai takardar tuƙi a cikinmu, don haka ɗaya zai fara karatunta yanzu, kuma za mu tambayi mai masauki ko ana karɓar ta Birtaniya. Saura tambaya ɗaya ga ɗan'uwanmu na Bodo: daga Oslo, ya fi mana mu sauka a Bodo mu shiga jirgin fito zuwa Moskenes da ke Lofoten, ko mu sauka a filin jirgin saman Evenes mu yi hayar mota, ganin cewa za mu dawo da akwatunan ƙanƙara?