Gejin walƙiya: sunan da na tsaya a kai

Jama'a masu hoto, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira flash sync speed, wato iyakar saurin buɗewa da rufewar kyamara da hasken filashi zai iya samun hoto gaba ɗaya. Wani ɗan'uwa ya kawo "saurin daidaituwa". Ban ƙi ta ba, amma yaron da ke koyon aiki zai ji ta ya ɗauka gudu ake so ya ƙara, alhali iyaka ce aka ce kada ya ƙetare.

Ga yadda abin yake. A cikin kyamara irin Pentax K1000 ko Canon AE-1 akwai labule biyu a gaban fim. Na farko ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. A saurin 1/60 na daƙiƙa akwai ɗan lokacin da na farko ya gama wucewa, na biyu bai taso ba, fim yana buɗe gaba ɗaya. Nan ne filashi ke haskawa. Idan ka kai 1/250, na biyu ya riga ya biyo sawun na farko, sai 'yar tsaga kawai ke ratsa fim. Hasken kuwa ƙiftawa ɗaya ne, abin da tsagar ta buɗe shi kaɗai zai samu.

Na gani da idona. Ranar wata Sallah na ɗauki kawuna da rana tsaka, rawani ya jefa masa inuwa har kan hanci, na kunna filashi don in fito da idanunsa, na manta maɓallin yana kan 250. Da aka wanko fim, gefen kafaɗarsa kawai ya sami hasken, fuskar tana nan cikin duhunta. Har yau abin yana ci mini rai, don ba mu sake wata Sallar da shi ba.

Shi ya sa na fi son "geji". Direba ya san ta, tela ya san ta. Ita kuma "walƙiya" na zaɓe ta ne saboda "filashi" ta riga ta tafi wurin masu waya. Ka ce wa yaro "yi filashi", sai ya laluba aljihu.

A waje ne gejin ke matsa wa mutum. Fim mai lamba 100 (lambar ƙarfin karɓar haskensa) a rana mai ƙarfi yana son 1/125 da f/16, wato faɗin idon kyamara da haske ke shiga ta ciki. Ka sauko 1/60, dole ka tsuke ido zuwa f/22, ƙaramin filashi kuma ba ya kai wa nesa ta wannan ƙofa. Saboda haka masu aikin waje ke son Nikon FM2n, gejinta 1/250 ne. Su Yashica Mat kuwa, da ƙyaurensu mai yin aikin labulen ke cikin gilashin kyamarar, suna karɓar walƙiya har 1/500.

Hasken da ake ƙarawa don kashe inuwar fuska kuma, ina ganin "cikon haske" ya ishe shi. Dattawan da suka yi aikin sutudiyo tun zamanin baƙi da fari, me kuke ce masa a shago? Idan kuna da taku, ita za mu ɗauka.