Gas ɗin Najeriya da wutar Ghana

Ɗan Zango: Jama'a, don Allah me ya haɗa bututun Najeriya da ɗauke wuta a Ghana? Ba suna da gas nasu ba?

Injiniya: Suna da shi, Malam, amma a yamma yake, wajen Takoradi, alhali tashoshin wuta da dama suna Tema, can gabas. Bututun gas na Afirka ta Yamma, wato WAGP, mai tsawon kilomita 678, yana tasowa daga yankin Legas ya bi ƙarƙashin teku, ya ba Kwatano da Lome da Tema reshe, ya ƙare a Takoradi. Matsin gas na raguwa, injinan Tema sai su tsaya ko su koma ƙona mai, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Lissafi: Ƙari a kan haka, layi ɗaya ne tak. A Agustan 2012 angar jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Togo, ruwan teku ya shiga, gas ya yanke kusan shekara. Ga kuma bashi: in Ghana ta yi jinkirin biya, kamfanin N-Gas, mai sayar mata da gas ɗin Najeriya, kan yi barazanar rufe famfo.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. Shi ya sa tun 2019 aka gyara layin yadda gas ɗin Takoradi zai iya juyowa gabas zuwa Tema.