Makin GMAT ya ƙi tashi, ina neman wanda zai kama mini hannu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Maradi nake. Na gama lisans a fannin sarrafa kasuwanci, shekara biyar ke nan ina riƙe wa Alhajinmu littafin shago a babbar kasuwa, har da kayan da ke shigowa ta Ɗan Issa. Burina in yi MBA, wato digiri na biyu a fannin sarrafa kasuwanci, amma GMAT, jarrabawar Turanci da ake yi don neman shiga karatun, ta kafe mini.

Sau biyu na zauna. Na farko 475, na biyu 495, alhali makin yana kaiwa 805. Lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba, wanda ya tashi cikin awo da canjin naira da sefa. Ɓangaren fahimtar rubutu ne ke kayar da ni. Da Faransanci muka yi lakwal, sai in tsaya ina warware Turancin a kaina, kafin in ɗago minti 45 ɗin sun ƙare, tambaya biyar ko shida ban taɓa ba.

Wani mai koyarwa ta intanet ya nemi jikka ɗari uku, ya turo bidiyon da yake tura wa kowa. Ko takardar sakamakona bai buɗe ba. Na janye.

Don Allah, wa ya san malamin da ke zama da mutum ɗaya, ya duba inda yake tuntuɓe? Sannan in sake zama karo na uku ne, ko in koma TAGE MAGE, wata jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, tunda da Faransanci ake yin ta? Kuma aikin shago da ba takardar albashi, yaya ake rubuta shi har makaranta ta yarda?