Me zan ba 'yar shekara biyu a gidan abinci a Zariya?

Assalamu alaikum iyaye mata. Daga Gusau muka zo Zariya, maigida yana wani kwas a ABU, mun sauka a masauki a Samaru inda ba a yarda a kunna risho ba. Dole safe da dare sai gidan abinci, ga ni da yarinya 'yar shekara biyu da ban daɗe da yayewa ba.

Matsalar yaji ce. Loma ɗaya ta dafa-duka ko shinkafa da miya, sai ta zaro harshe tana gogewa da hannu, ta fasa ihu, ta ture faranti. Daga nan ko ruwa ba ta karɓa, sai zillo a cinyata, mutane na ta juyowa. Kujerar yara kuwa ban gani ba ko a wuri ɗaya.

Na roƙi a zuba miya marar attarugu, aka ce tukunya ɗaya ce. Na karɓi farar shinkafa da mai da gishiri, ta ci cokali biyu ta tofar. Tuwo da miyar kuka take so a gida, amma wanda muka saya wajen Kwangila shi ma da barkono. Na kunna mata waya, ta yi shiru, bakin dai a rufe. Yanzu shayi da burodi da ayaba kawai ke shiga cikinta, kashinta har ya fara tauri, tana kuka in za ta yi.

Don Allah, wane abinci marar yaji mai riƙe ciki zan iya nema mata a gidajen abinci tsakanin Samaru da Sabon Gari?