Musayar waƙa: gidan Hawad, masu sarautar Nofok

Mai Tawada:
Salamu alaikum jama'a. Yau Ingila muka nufa, gidan Hawad masu riƙe da sarautar Diyuk na Nofok, wato babban basarake a ƙarƙashin sarki. Na buɗe, kowa ya amsa da nasa amon.

Ku taho ku ji asalin gidan sarauta,
Na Hawad, wanda Ingila ba ta manta,
Jon Hawad a cikinsu ya fara riƙe ta,
Sarki Ricad na Uku ne ya miƙa masa ita.
Naɗi a 1483, ga doki ga tuta,
1485 a Boswat yaƙi ya ɓata,
Shi da sarkinsa duk rai ya fita,
Aka ƙwace sarautar, aka rufe ƙofarta.

Hajiya 'Yar Malam:
Malam, ka soma daga tsakiya,
Ka tsallake mace cikin zuriya,
Uwar Jon, Magaret, ita ce hanya,
Ɗiyar Tomas Mobre, babban manya,
Shi ya riƙe Nofok tun 1397, gaskiya.
Da mazan Mobre suka ƙare gaba ɗaya,
Sai gado ya biyo ta ɗakin ɗiya.

Ɗan Baiwa:
Hajiya kin faɗa, mun sallama,
Amma takobi ne ya maido girma.
Tomas ɗan Jon, bayan an kama,
A Hasumiyar Landan ya sha zama,
Ya fito, da furfura ya koma fama,
A Fuloden, 1513, ya ja daga ya gama,
Jemis na Huɗu na Sikotland can ya kwanta dama,
A 1514 kujerar uba ya koma.

Hajiya 'Yar Malam:
Ƙanena, kirarin takobi ya isa,
Zo mu ga ɗansa, Diyuk na uku, da halinsa.
An Bolin ɗiyar 'yar'uwarsa,
Katarin kuwa ɗiyar ƙaninsa,
Henri na Takwas ya kai su fadarsa,
Ɗaya bayan ɗaya suka zama matansa,
Kowace an sare ta da umarninsa,
1536, 1542, ku rubuta a kansa.
Ranar shari'ar An, kawu na kan kujerarsa,
Shi ya karanta hukuncin da bakinsa,
Ya ba da jininsa don ya tsira da wuyansa.

Mai Tawada:
Hajiya yau an ɗau zafi, a sha ruwa tukuna.

Ai shi ma bai tsira haka nan ba,
Abin da ya shuka ya soma girba,
Ɗansa Henri, mawaƙin da ba a manta ba,
An sare shi a 1547, ba a bar shi ba.
Tsohon na ɗaure, ba a kai kansa ba,
Sarki ya mutu, gatari bai sauka ba.
Jikansa kam bai sami wannan rabo ba,
Ya so auren Sarauniya Meri ta Sikotland, bai yi shawara ba,
Sarauniya Elizabet ta Farko ta ji, ba ta yafe ba,
1572 aka sare shi, ba a jinkirta... a'a, an jinkirta wata biyar, ku yi mini afuwar amo,
Sarauta ta kwanta, ba ta farka ba,
Sai 1660, da Cals na Biyu ya duba.

Hajiya 'Yar Malam:
Kuma fadar Arundel da suke taƙama da ita,
Matar wannan jikan ce ta zo da ita,
Meri 'yar Fizalan, gadon gidan ubanta.

Ɗan Baiwa:
To Yaya, bari in kawo mu yau da sauƙi,
Tun 1672 gidan na da wani aiki,
Sarautar Mashal, ta gado, babu saki,
Su ke shirya jana'iza da naɗin sarki.
Edwad, Diyuk na 18, shi ke kan doki,
2022 ya raka gawar Elizabet ta Biyu, ana baƙin ciki,
2023 ya tsara wa Cals na Uku biki.
Ga kuma abin da ke ba ni mamaki:
Doka ta hana ɗan Katolika zama sarki,
Su Hawad Katolika ne, su ke shirya masa biki.