Tallafin kammala kundin digirin digirgir: abin da aka tattauna

An yi doguwar tattaunawa kan yadda ɗaliban tauhidin Kirista za su samu tallafin kuɗi don kammala kundinsu. Ga abin da na tsinto daga cikinta:

1. An yi ittifaƙi cewa shekarar ƙarshe ta fi wuya: kuɗin makaranta ya ƙare, ga iyali, ɗalibi ya koma koyarwa, rubutu ya tsaya.

2. A duba sharuɗɗan masu ba da tallafi tun da wuri. Louisville Institute, wata cibiya a Amurka da gidauniyar Lilly ke ɗaukar nauyinta, na tallafa wa ɗaliban Amurka da Kanada. Ƙungiyar Langham, wadda John Stott, wani fasto ɗan Birtaniya, ya kafa a 1969, ta fi karkata ga malaman tauhidi na Afirka, Asiya da Latin Amurka, da fatan su koma gida su koyar.

3. A nemi wasiƙar mai duba kundi da ta fasto kan lokaci, a kuma tsara jadawalin kammalawa na gaskiya.

4. Nan aka rabu. Wasu na tsoron mai bayarwa ya juya akalar bincike. Wasu suka ce ko da mai bayarwa ya nemi a sa hannu kan bayanin bangaskiyarsa, wannan ba takunkumi ba ne. Ni dai ina tare da masu cewa a tambaya ƙarara kafin a karɓa, domin shekarun mutum ne a ciki.

5. A riƙa aika wa masu bayarwa rahoto.