Wa ya taɓa hawa dutsen Basile kusa da Malabo neman tsuntsu?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ina da tafiya Malabo wajen yayana watan Janairu in Allah ya yarda, daga Gaundare jirgin ƙasa zuwa Yawunde sannan Duwala. To ni dama mai son kallon tsuntsaye ne, bakin Binuwai da gandun dajin Waza duk na zaga, yanzu wani ɗan tsuntsu nake hari wanda ake ce wa speirops na Biyoko (Biyoko shi ne tsibirin da Malabo take a kai, a ƙasar Ikwatoriyal Gini), ance duk duniya babu shi sai a saman dutsen Basile kuma wai hazo ne ke rufe wurin kullum. Ya ake ganinshi cikin hazon nan don Allah?

Baban Hajara: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ɗauka irin hazon hunturunmu ne na ƙura, wancan gajimare ne da kanshi yake zaune kan dutsen, jiƙa ka zai yi sharkaf ba tare da an yi ruwa ba. Dutsen ya haura mita 3000, tsuntsun kuma sai ka kai wajen mita 1900 zuwa sama, ƙasa da nan ɓata lokaci ne kawai. Ka bar gari tun asuba, don da hantsi ya yi gajimaren ke tasowa daga ƙasa ya lulluɓe komai. Janairu kam ka dace, rani ne a can. Sai dai akwai shingen sojoji a hanyar, ka ce wa yayanka ya nema maka takardar izini tun kafin ka iso.

Indo Marwa: Malam ni abin da zan ƙara shi ne kunne. Tsuntsun ƙarami ne, santimita 13 ko makamancin haka, ruwan ƙasa, kanshi ya fi jikin duhu, wlh a cikin hazo inuwa kawai za ka gani ta gifta. Amma ba ya yawo shi kaɗai, garke suke yi suna 'yan ƙananan kuka, so ka samu bakin daji inda bishiyoyi suka yi gajeru ka tsaya shiru, su za su zo su same ka, in ka bi su cikin kurmi ka rasa su ka rasa hanya. Madubin hangen nesan kuma zai yi ta gumi, ka tafi da busasshen ƙyalle cikin leda.

Ɗan Garwa: Na gode Yaya Indo. To in na kunna musu kukan a waya fa, ba za su matso ba?

Indo Marwa: Za su iya matsowa amma ni ban so, tsuntsun da dutse ɗaya ne gidanshi duk duniya bai kamata kowa ya zo yana ruɗa shi da sifika ba.

Baban Hajara: Kuma ka sayi rigar sanyi mai kauri a gwanjo tun daga Duwala, mutumin Garwa da sanyin saman can sai dai addu'a.